Wane mai ya dace da bindigar farauta, kuma a ina ake sa shi?

Tambaya: Ina da bindigar farauta mai lasisi, irin mai sakata da ake ja da hannu a ɗora harsashi. Man keken ɗinki nake sa mata, wani lokaci in fesa WD-40. Da hunturu sakatar takan yi tauri har sai na sa ƙarfi, da damina kuwa sai in tarar da ɗigo-ɗigon tsatsa a jikin bututun. Wani ya ce in koma giris, wani ya ce baƙin mai ya fi, wani kuma ya ce a ƙasar ƙura bindiga ba ta son mai sam. Wanne ne daidai, kuma yaya ake sawa?

Amsa: Malam, taurin sakata da tsatsar bututu ciwo biyu ne daban, kuma man da kake zubawa ko'ina bai magance ko ɗaya ba. A jikin bindiga akwai wuraren da ke son mai, akwai masu son ɗan giris, akwai kuma waɗanda lafiyarsu ita ce a bar su a bushe. Wanda ya san waɗannan wurare zai riƙe bindigarsa shekara da shekaru da mai mai araha. Wanda bai san su ba kuwa, ko kwalbar da ta fi kowace tsada ya saya, ɓarna zai yi. Don haka zan fi daɗewa a kan wurin sawa da yawan da ake sawa fiye da sunan kwalba.

Kafin ka buɗe murfin mai, cire magazin, wato gidan da ake loda harsasai, ja sakata baya, duba mazaunin harsashi da idonka, ka kuma zura ɗan yatsa ka tabbatar babu komai a ciki. Harsasan ka kai su wani ɗaki gaba ɗaya. Dalili biyu ne: na farko don kada bindiga ta tashi bisa kuskure, na biyu kuwa mai yana iya kurɗawa cikin ɗan ƙoƙon wuta da ke tsakiyar gindin harsashi ya kashe shi.

Aiki uku ake nema daga ruwan da ake sa wa bindiga: ya wanke kunkunniyar albarushi, ya sa ƙarfe ya zame a kan ƙarfe, ya kuma tsare ƙarfen daga danshi. Man keken ɗinki yana yin na biyun daidai gwargwado, domin mai ne tsaftatacce wanda ba ya saurin danƙo. Matsalarsa ita ce ya yi ruwa-ruwa da yawa, kuma galibi ba a haɗa shi da sinadarin hana tsatsa ba, tunda keken ɗinki a ɗaki yake zaune, ba ya shan raɓa ba ya shan gumi. A zafin watan Afirilu, lokacin da ake wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ƙarfen da ya sha rana yakan fi haka zafi nesa ba kusa ba, sai man ya tsiyaye ya bar bututun tsirara. WD-40 kuwa an ƙirƙire shi a 1953 a San Diego ta Amurka don korar ruwa daga jikin ƙarfe, kuma a wannan aikin gwani ne. Idan ruwan sama ya doke ka a daji, fesa shi ya fitar da ruwan daga lungu-lungu, babu laifi. Sai dai mafi yawansa yana bin iska, abin da ya rage ba shi da kaurin da zai ɗauki gugar sakata, kuma idan aka yi ta fesawa a kan tsohon fesi ba a goge ba, wata da watanni sai ya haɗu da ƙura ya zama wani danƙo mai ruwan ƙasa a cikin sakata da wajen kunama. Ina kyautata zaton wannan danƙon ne ke taurara maka sakata. Sanyin hunturu, ko ya sauka digiri 10 da asuba, bai kai ya daskarar da mai mai kyau ba.

Idan za ka samu man da aka yi don bindiga, nemi wanda aka rubuta wa CLP. Irinsa ne sojojin Amurka ke amfani da shi, da lambar inganci MIL-PRF-63460, kuma an haɗa shi ne ya yi ayyukan nan uku a kwalba guda. Bai kai ruwan wanki na musamman cin datti ba, bai kai giris daɗewa a wuri ba, amma ga mafarauci da ke son kwalba ɗaya a jakarsa ya wadatar. Wasu irinsa sai an girgiza kwalbar sosai kafin amfani, domin sinadaran suna kwantawa a ƙasa. Akwai kuma Ballistol, man Jamus da aka haɗa a 1904 don sojojin ƙasar. Abin da ya bambanta shi shi ne yana gauraya da ruwa ya koma fari, kuma ba ya cutar da katako ko fata. Zan koma kansa in na zo batun gishiri. Hoppe's No. 9 na asali, wanda ake sayarwa tun 1903, ruwan wanke bututu ne, kada ka ɗauke shi a matsayin man santsi, ko da yake kamfanin yana da man santsi daban a wata kwalbar.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kasuwarku, kada ka damu. Sabon man inji na mota, wanda ba a taɓa zubawa a inji ba, irin mai lamba 5W-30 ko 10W-40, yana yin aikin santsi ƙwarai. An yi shi ne ya jure zafi da gugar da ta fi ta sakata sau da yawa, kuma yana manne wa ƙarfe fiye da man keken ɗinki. Rauninsa a wajen tsatsa ne, don haka da damina sai ka riƙa sabunta shafin waje akai-akai. Jan man giya na motoci masu canja giya da kansu, wanda ake kira ATF, shi ma yana aiki, kuma yana ratsa lungu da kyau. Tsofaffin masu bindiga a Amurka sukan haɗa shi rabi da rabi da kananzir su samu mai na wanki da shafi. Rubu'in lita na ɗaya daga cikin waɗannan zai kai ka shekaru.

Wanda ya ce maka giris yana da gaskiya a wurare biyu ko uku kacal. Ka'idar da masu gyaran bindiga ke bi ita ce: abin da ke juyawa a kan ƙusa a ɗiga masa mai, abin da ke murzar ɗan'uwansa da nauyi a taɓa masa giris. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun gano ruwan sama yana wanke mai daga bindigarsu M1 Garand har ta cije, shi ya sa aka raba musu giris na Lubriplate a ɗan ƙaramin mazubi. Ana auna taurin giris da lambar NLGI. Lamba 2 shi ne na boris ɗin mota da kowa ya sani, lamba 1 da 0 sun fi laushi, kuma su suka fi dacewa da bindiga, amma farin giris na litiyam lamba 2 ma zai yi idan ka shafa shi siriri. Abu ɗaya ka duba: idan akwai alminiyom a jikin bindigar, guji giris mai garin girafait, domin idan danshi ya shiga tsakani, girafait yana sa alminiyom ya ci kansa.

Baƙin man da aka juye daga inji kuwa, ka rabu da shi. Cike yake da ɓurɓushin ƙarfe, da kunkunniya, da asid ɗin da ƙonewar fetur ta bari, ga shi yana da illa ga fatar hannu. Man gyaɗa, man ja, man shanu da man kaɗe duk suna haɗuwa da iska su yi ɗoyi, sannan su bushe su zama ƙaro. Man ja ma yana da nasa asid da ke taɓa ƙarfe. Man birki yana zuƙar danshi daga iska kuma yana ɓare fenti da shafin katako. Fetur yana wanke maiko tas, amma tururinsa yana kama wuta daga nesa, kuma yana barin ƙarfe a buɗe ga tsatsa nan take. In za ka jiƙa wani ƙarfe don danƙo ya saki, kananzir ya fi aminci, kuma a tsakar gida za ka yi, nesa da murhu.

Sai maganar mai cewa bindiga ba ta son mai a ƙasar ƙura. Wannan tsohuwar magana ce a tsakanin sojoji, kuma tana da tushe: ƙura tana manne wa mai, idan suka haɗu sai su zama kamar man da makanikai ke gurza bawul da shi, su yi ta cin ƙarfe a hankali. Amma an gwada ta. Sojojin Amurka sun yi gwaji a cibiyarsu ta Aberdeen da ke jihar Maryland, aka bayyana sakamakon a 2007. Sun sa bindigogi M4 guda 10 a ɗakin da ake busa ƙura, kowace ta harba harsashi 6,000. Da aka sa musu mai kaɗan, sun cije sau 9,836 a cikin harbi 60,000. Da aka wadata kayan cikinsu da mai, cijewar ta sauka zuwa 678. Bayanin shi ne, ƙurar da ta shiga tsakanin busassun ƙarafa biyu tana toshe su, amma wadda ta faɗa cikin mai tana yawo a ciki, motsin ƙarfen ya ture ta gefe. Kada dai ka ɗauki wannan sakamako ka yi wa taka wanka. M4 bindiga ce mai ɗora wa kanta harsashi, kayan cikinta a rufe suke, kuma suna gudu da zafi. Sakatarka a fili take, da hannu kake jan ta, kuma harbinka a wata bai kai nasu na minti biyar ba. Abin da za ka ɗauka daga gwajin shi ne: wurin guga yana buƙatar mai ko da hazo ya rufe gari, amma jikin waje a goge shi ya kusa bushewa, sannan duk ranar da ka dawo daga daji ka share tsohon man da ƙurarsa kafin ka sa sabo. Ɗora sabon mai a kan mai datti shi ne babban kuskuren da ake yi da hunturu.

Ga yadda za ka yi. Danna maɓallin sakin sakata ka zare ta gaba ɗaya. Goge ta da tsumman auduga mai tsabta, ka bi lungunan da tsohon buroshin haƙori da aka tsoma a kananzir ko CLP, musamman ƙarƙashin ƙugiyar da ke fizgo kwanson harsashi bayan harbi, inda ɓurɓushin tagulla ke taruwa. Shiga cikin gangar jikin bindigar ka share hanyoyi biyu da sakata ke bi. Can gaba, kusa da mazaunin harsashi, akwai ramin da haƙoran sakata ke shiga su kulle. Wurin yana da wuyar kai, kuma shi ya fi tara datti; naɗa ƙyalle a kan siririn itace ka juya a ciki har ƙyallen ya fito da haske. Kada ka sa waya ko ƙusa.

Bayan komai ya bushe, ɗiga ɗigo biyu na mai a yatsa ka murza jikin sakatar duka. Ɗigo biyu kacal, daidai ka ji. Ma'aunin da ake koya wa sojoji yana da sauƙi: shafi mara nauyi shi ne wanda ido ke gani da ƙyar, shafi mai yawa shi ne wanda za ka iya turawa da yatsa. Jikin sakata mara nauyin yake so. Sannan ka ɗauki giris a kan tsinken ashana, girman ƙwayar gero, ka shafa a bayan kowane haƙorin sakata, wato fuskar da ke kallon kafaɗarka idan an kulle. A nan ne duk ƙarfin harbi ke sauka, kuma a nan ne ƙarfe ke murzar ƙarfe duk sanda ka kifa hannun sakata. Idan wurin ya bushe, musamman a bindigar da aka yi da farin ƙarfe mara tsatsa, fuskokin biyu sukan fara yagar juna, ka ga wasu zane-zane masu kaushi, kuma wannan ba ya gyaruwa da mai daga baya. Wata ƙwayar geron ka sa a gangaren da ke bayan sakata, inda ake ɗana allurar harbi idan ka ɗaga hannun, da kuma ɗan wurin da gindin hannun sakata ke gogar gangar jiki. Ɗigo ɗaya na mai a kan ƙugiyar kwanso, ka motsa ta, ka goge rarar. Mayar da sakata, ja ta ka tura sau goma, sake zare ta, duk man da ya taru a gefe ka share. Fuskar sakata, inda gindin harsashi ke zama, a bushe za ka bar ta.

Yanzu wuraren da ba a sa wa komai, kuma nan ne hatsarin yake.

Mazaunin harsashi shi ne na farko. Idan aka harba babban harsashin farauta irin .30-06, matsin da ke tashi a ciki yakan kai kimanin tan 4 a kan kowane murabba'in santimita. A wannan ɗan lokacin kwanson tagulla yana kumbura ya damƙi bangon mazaunin, kuma damƙar tana ɗauke wani kaso na ƙarfin da ke komawa baya. Idan akwai mai a bangon ko a jikin harsashin, kwanson zai sulɓe, ƙarfin duka ya afka wa haƙoran sakata. A Ingila an daɗe ana shafa wa harsashin gwaji mai da gangan don a ƙure ƙarfin sabuwar bindiga. Abin da ake yi sau ɗaya don gwaji, kada ka mayar da shi abincin bindigarka na kullum. Haka nan kada ka taɓa shafa wa harsashi mai don ya shiga da sauƙi. Harsashin da ya ƙi shiga, akwai dalili.

Cikin bututu yana son mai idan za a ajiye, ba ya so idan za a harba. Bayan wanki, ɗiga ɗigo uku ko huɗu a ƙyalle, tura shi da sanda daga wajen mazaunin harsashi zuwa baki, sau ɗaya ko biyu. Daga baya ake shiga saboda leɓen bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da ke taɓa harsashi, idan sanda ta cinye shi saiti ya tafi ke nan. Ranar fita kuwa, tura busassun ƙyallaye biyu, ka naɗa na uku ka share mazaunin. Mai ba ya matsuwa; idan ya taru a gaban harsashi mai gudun sama da mita 800 a daƙiƙa, matsi yana hawa, bututu na iya kumbura ya yi zobe a ciki. Ko bai kai haka ba, harbin farko daga bututu mai maiko yakan kauce daga inda sauran ke sauka, kuma mafarauci sau da yawa harbin farkon nan kaɗai yake samu. Tun da ka zare sakata, ɗaga bututun ka leƙa ta baya ka ga haske ya ratsa. Zanzaro yana gina gidan laka a bututun da aka jingine ya daɗe, kuma masu toshe baki da tsumma sukan manta da shi a ciki. Tsumman ma danshi yake riƙewa. Idan ruwa kake tsoro a daji, manna salatif ɗin masu wutar lantarki falle ɗaya a kan bakin daga waje. Iskar da ke gaban harsashi tana fasa shi kafin harsashin ya iso.

Idan ka yi amfani da ruwan wanki mai warin amoniya, wanda ke narkar da jan ƙarfen da harsashi ke bari a zanen bututu, kada ka bar shi ya wuce minti 10 zuwa 15. Share shi tas, sannan ka bi da mai, domin yana barin ƙarfe ba kariya.

Ramin allurar harbi, a cikin sakata, shi ne inda fesin da kake yi ya fi ɓarna. Sifirin ɗin da ke tura allura yana buƙatar hanya a sake. Danƙo yana rage mata gudu, sai ka ja kunama ka ji ƙas, ka buɗe ka ga ɗan tabo mara zurfi a gindin harsashi. In hakan ta faru, riƙe bakin bindiga yana kallon wuri mara hatsari, ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, domin wani harsashin yana jinkirin tashi. A wasu bindigogi masu ɗora wa kansu harsashi, irin SKS, abin ya fi muni: tsohon maikon ajiya yakan riƙe allura a turo waje, sai bindiga ta tashi da zarar sakata ta rufe, ba a taɓa kunama ba. Sau ɗaya a shekara ka kwance sakatar. Masu ƙirar kamfanin Mauser na Jamus ana kwance su da hannu idan aka tsayar da makullin tsaro a tsakiya, wasu kuwa sai da ɗan kayan aiki, don haka bi takardar kamfanin ko ka kai wa mai gyara. Wanke allura da sifirin da ramin, busar da su, goga musu tsumman da ke da ɗan maiko kawai, ka mayar.

Kayan kunama ma haka. Wurin da ƙarafa biyu ke riƙe juna a can ciki bai fi kaurin farce ba, kuma ƙananan sifirin ne ke mayar da su mazauninsu. Mai da ƙura suna hana su komawa sosai, daga nan bindiga ke iya tashi idan ta faɗi ko idan aka cire makullin tsaro. Kada ka fesa komai a ciki, kada ka sa giris. Idan ya riga ya yi danƙo, wannan aikin mai gyara ne. Cikin magazin a share shi da busasshen tsumma, saboda duk man da ke ciki a jikin harsashi zai ƙare. A bindigar da ke aiki da fistin na hayaƙi, shi ma a bushe ake barin sa, domin zafi yana gasa mai ya zama gawayi. Gilashin madubin hange da ƙusoshin da ke riƙe shi, mai ba ya zuwa kusa da su. Ƙusa mai maiko tana kwancewa da girgizar harbi.

Tsatsar damina kuwa, yawanci hannunka ne mafarinta. Baƙin launin da ke jikin bututu wani siririn rufi ne da aka samar a fuskar ƙarfen, kuma shi kaɗai ba ya tare ruwa. Amfaninsa shi ne yana riƙe mai. Gumi gishiri ne da ruwa. A watan Agusta, lokacin da danshin iska ke haura kashi 70 cikin 100, shatin yatsa kan iya zama jan tabo kafin gari ya waye. Ware tsumma guda, ɗiga masa mai kamar ɗigo goma, ajiye shi a leda mai rufewa, kuma ya zama shi ne abu na ƙarshe da ke taɓa ƙarfen kafin ka ajiye, kana riƙe da bindigar ta katako. Da damina ka yi haka kowane mako ko ba ka fita ba. Da rani sau ɗaya a wata ya isa. Tsatsar da ta riga ta fito, jiƙa ta da mai ta kwana, sannan ka murza a hankali da audugar ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, tana jiƙe da mai. Samfefa zai kwashe baƙin rufin gaba ɗaya. Idan ruwa ya jiƙa bindigar sosai, kwance ƙusoshin da ke haɗa ƙarfe da ƙota ka duba ƙasan bututu, domin a can tsatsa ke cin karenta ba babbaka. Shafa wa ƙasan mai siriri, amma inda gangar jiki ke zama a kan katako ka share shi ya bushe, don kada ta riƙa motsi a mazauninta.

Jakar fata ko mai soso a ciki ta tafiya ce, ba ta ajiya ba. Dukansu suna riƙe danshi, fata kuma tana ɗauke da ragowar sinadarin jima. Mafarautan da ke naɗe bindiga da fata ko su ɗaure mata layu, in suka kwance bayan shekara, a daidai ƙarƙashin naɗin suke samun rami-ramin tsatsa. A ajiye ta a akwati ko kabad mai kulle, nesa da yara, ba a jingine da bangon da ke tsatsafo ba, harsasai a wani wurin daban, a jefa ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Idan ajiyar watanni ce, basilin siriri a jikin waje yana aiki, sai dai zafi yana narkar da shi, kuma dole a share shi kafin harbi.

Bayan ka sa mai, jingine bindigar bakinta ƙasa a kan tsumma ta kwana. Idan ka tsayar da ita baki sama, rarar man bututu tana gangarowa cikin sakata da kunama, ta wuce ta shiga wuyan ƙota. Katakon da ya sha man inji yana yin baƙi, ya yi laushi, daga baya ya tsage a daidai inda dukan harbi ke sauka. Abincin katako man linsid ne dafaffe, irin na masu fenti da kafintoci: ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har ya yi ɗumi, a goge rarar, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu. Tsumman da ka yi wannan aiki da shi kada ka dunƙule shi ka jefar a lungu, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Shanya shi a fili ko ka tsoma a ruwa.

Akwai tsatsar da mai ba ya hanawa ko ka zuba kwalba guda. Tsofaffin harsasan soja da yawa, musamman na ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Sin, ƙoƙon wutarsu yana barin wani gishiri a cikin bututu, gishirin kuma yana jawo ruwa daga iska. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi, tsatsa ta ci gaba a ƙarƙashi. Bindigar toka ma haka take, domin tokar baƙin albarushi tana zuƙar danshi, kuma idan ta haɗu da man inji sai ta zama kwalta mai wuyar fita. Maganin duka biyun ruwa ne, a ranar da aka yi harbin. Zuba ruwan zafi da ɗan sabulu ta cikin bututu, goge da buroshi, ɗauraye da tafasasshen ruwa don zafin ƙarfen ya busar da shi da wuri, tura busassun ƙyallaye har su fito ba laima, sannan mai. A nan Ballistol ke da amfani: kashi ɗaya nasa da kashi uku na ruwa, ruwan ya kwashe gishirin, idan ya bushe man ya zauna a ƙarfen. Sake duba bututun bayan kwana biyu ko uku.

Bayan ka harhaɗa komai, ba harsashi a ciki, gwada: kulle sakata, sa makullin tsaro, ja kunama, kada allura ta faɗi, saki kunama, cire makullin, kada ta faɗi da kanta. Ka kuma lura da bambanci guda. Idan sakata tana tafiya sumul ba harsashi, amma bayan harbi hannunta ya ƙi ɗaguwa sai da duka, wannan ba ƙarancin mai ba ne. Ko dai matsi ya yi yawa, ko mazaunin harsashi ya yi ramin tsatsa yana riƙe kwanso. Dakatar da harbi ka kai wa mai gyara tare da kwanson.

Idan kana da bindigar iska ta harbin tsuntsaye, irin wadda ake karyawa a ɗana, kada ka ɗiga man inji ko na keken ɗinki a ramin da iska ke fitowa. Matsin fistin yana kunna man kamar yadda injin dizal ke yi, ka ji ƙara, ka ga hayaƙi, robar fistin ta ƙone, sifirin ya karye kafin lokacinsa. Man silikon ake sa wa wurin, ɗigo ɗaya ko biyu bayan harbi wajen dubu. Masu tankin iska da ake cikawa da famfo kuwa, duk wani mai da aka samo daga fetur haramun ne kusa da bawul da bakin cikawa. Giris ɗin silikon kaɗan a kan zoben roba shi ne iyakar abin da suke buƙata.